Katangar Isra'ila a Gaɓar Yammacin Kogin Jordan: Tsaron rai ko cin iyaka?

Fiye da shekara 20 ke nan da Isra'ila ta fara gina katangar da ta raba ta da Falasɗinawan Gaɓar Yammacin Kogin Jordan. Har yau ba a kammala ginin ba, kuma ba a gama gardama a kansa ba. Ko a kan sunan ma ɓangarorin ba su daidaita ba. Gwamnatin Isra'ila shingen tsaro take kiran aikin, tana cewa ya tserar da rayukan 'yan ƙasarta daga masu ƙunar baƙin wake. Falasɗinawa kuwa katangar wariya suke ce mata, suna ganin an fake da tsaro ne domin a yanke musu ƙasa.

Abubuwa uku sun sake dawo da batun gaba. Na farko shi ne harin 7 ga Oktoban 2023, ranar da mayaƙan Hamas suka keta shingen Zirin Gaza, wanda ake ɗauka a matsayin mafi ƙarfin shingayen Isra'ila. Na biyu, amincewar da hukumomin Isra'ila suka yi a watan Agustan 2025 da gina gidaje kusan 3,400 a yankin da ake kira E1, gabas da birnin Ƙudus. Na uku, amincewar da Birtaniya da Faransa da Kanada da Ostireliya suka yi da ƙasar Falasɗinu a watan Satumban 2025, abin da ya tayar da tsohuwar tambaya: ina iyakar wannan ƙasa take? Duk mai son amsa sai ya duba katangar, ya tambayi ko ta kawo tsaron da aka gina ta dominsa, da dalilin da ya sa ta bi ta inda ta bi, da kuma waɗanda suke ɗauke da nauyinta a kullum.

Yadda aka faro

Ruwa ba ya tsami banza. A ƙarshen Satumban 2000 ne boren Falasɗinawa na biyu, wato Intifada, ya ɓarke bayan rushewar tattaunawar Camp David da kuma ziyarar da Ariel Sharon ya kai harabar Masallacin Al-Aƙsa. A cikin shekaru biyar da suka biyo baya an kashe Falasɗinawa sama da 3,000 da Isra'ilawa kusan 1,000. Ƙungiyoyin Hamas da Jihadil Islami da dakarun Shahidan Al-Aƙsa sun riƙa tura matasa ɗauke da bama-bamai cikin motocin haya da gidajen abinci da kasuwannin biranen Isra'ila. A ranar 27 ga Maris ɗin 2002 wani ɗan ƙunar baƙin wake ya kashe mutum 30 a wani otal da ke birnin Netanya, suna tsakiyar cin abincin idin Yahudawa. Bayan kwana biyu sojojin Isra'ila suka sake mamaye manyan biranen Gaɓar Yamma. A watan Yunin shekarar ne majalisar ministoci ta amince a fara ginin.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tunanin raba al'ummomin biyu da shinge ya fi ƙarfi ne tun farko a wajen 'yan jam'iyyar Leba, masu sassaucin ra'ayi. Yitzhak Rabin ne ya kewaye Gaza da waya a 1994, kuma shi ne ya kafa kwamitin nazarin rabuwa bayan wani hari a farkon 1995. Sharon da Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna sun daɗe suna ƙin shirin, domin suna tsoron duk layin da aka shata zai zama iyaka, ya bar wasu matsugunansu a waje. Matsin lambar jama'a ce ta sa Sharon ya karɓi shirin. Da ya karɓa kuwa, sai gwamnatinsa ta shata hanyar ta yadda za ta rungumo manyan matsugunan. Daga nan rigimar ta samo asali.

Siffar ginin

Hotunan da aka fi gani su ne na dogayen allunan kankare masu tsayin mita takwas, da hasumiyoyin sojoji a tsakaninsu. Irin wannan yana kewayen birane ne, kamar Ƙalƙiliya da Tulkarim da Baitalami da Ƙudus, kuma ƙaramin kaso ne na tsawon aikin. Isra'ila ta ce ta yi amfani da kankare a wuraren ne saboda ƙarancin fili da kuma hana harbi daga gidaje zuwa manyan tituna. Mafi yawan sauran shinge ne na waya mai na'urorin da ke sanar da sojoji idan an taɓa shi. A gefensa akwai rami, da wayoyi masu ƙaya, da titin sintiri, da shimfiɗar yashi da ake sharewa domin a ga sawun wanda ya tsallaka. Faɗin wannan fili yakan kai mita 50 zuwa 70. Ke nan ko a inda babu kankare, an share gonaki an tuge itatuwa masu yawa kafin a samu wurin.

Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ayyukan jinƙai ya ƙiyasta tsawon hanyar da aka tsara da kilomita kusan 712, kuma an gina kimanin kashi 65 cikin 100. Kuɗin da aka kashe ya haura dala biliyan 2.

Shin ta kawo tsaron?

Adalci ya wajabta a faɗi hujjar Isra'ila yadda take. A 2002 an kai hare-haren ƙunar baƙin wake gommai, kuma Isra'ilawa sama da 400 ne suka mutu a rikicin cikin shekarar. Kafin katangar, matashi zai iya fita daga Jenin ko Tulkarim da ƙafa, ya ratsa gonaki, cikin ɗan lokaci ya isa birnin Isra'ila, domin tsakanin Tulkarim da bakin teku bai wuce kilomita 15 ba. An kammala kashin farko na ginin a arewa a tsakiyar 2003, kuma daga nan hare-haren da ke fitowa daga wannan yanki suka ragu sosai. Zuwa 2007 da 2008 harin ƙunar baƙin wake ya koma ɗaya a shekara. Ga uwar da ke sanya ɗanta a motar makaranta a Tel Abib, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ya sa mafi yawan Yahudawan Isra'ila suka goyi bayan aikin.

Sai dai abubuwa da dama sun faru a lokaci guda, kuma da wuya a ware rabon kowanne. Sojojin Isra'ila sun koma cikin biranen Falasɗinawa suna kame da kisa, sun tarwatsa rassan ƙungiyoyin da ke shirya hare-haren. Yasser Arafat ya rasu a Nuwamban 2004, Mahmud Abbas ya hau mulki a Janairun 2005 yana adawa da ɗaukar makami. A watan Maris na 2005 ƙungiyoyin Falasɗinawa suka amince a Alƙahira da sassauta faɗa, kuma a shekarar da ta biyo baya Hamas ta shiga zaɓe. Ita kanta hukumar leƙen asirin cikin gida ta Isra'ila, Shin Bet, a bayaninta kan shekarar 2005 ta jingina raguwar hare-hare ga wannan tsagaitawa fiye da katangar. Daga 2007 kuma jami'an tsaron Hukumar Falasɗinawa suka riƙa haɗa kai da na Isra'ila wajen murƙushe Hamas a Gaɓar Yamma.

Akwai wata hujja da ta fi waɗannan nauyi. Katangar ba ta taɓa rufuwa ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku ba a gina ba, kuma inda aka gina wayar an yi ta yanka ta. Shekara da shekaru dubban ma'aikata marasa takardar izini suna bi ta ɓarakar a kowace safiya zuwa wuraren gini da gonakin Isra'ila, sojoji na gani suna kawar da kai, domin tattalin arzikin ɓangarorin biyu na buƙatar wannan ƙwadago. Hanyar da lebura ya bi, mai bam ma zai iya bi. Da ba a samu hare-hare masu yawa ba a waɗannan shekaru, dalilin yana wajen shawarar da ƙungiyoyin suka yanke da kuma aikin leƙen asiri. Da aka kai jerin hare-hare a Bnei Brak da Tel Abib da Elad tsakanin Maris da Mayun 2022, aka gano maharan daga yankin Jenin suka fito, sai gwamnati ta fara maye gurbin waya da kankare mai tsayin mita tara a tsawon kilomita kusan 45 a arewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma wannan bango a tsage yake tun ranar da aka gina shi.

Abin da za a iya cewa da tabbaci shi ne, katangar ta ƙara wa maharin wahala, ta ba jami'an tsaro lokaci, kuma ta taimaka wajen rage nau'in hari guda. Ba ta kawar da rikicin ba. Ya sauya kama ne zuwa rokoki daga Gaza, da sukar wuƙa da take mutane da mota a 2015 da 2016, da harbe-harbe a kan titunan Gaɓar Yamma.

Inda layin ya bi

A al'adarmu babu mai hana mutum kewaye gidansa. Abin da ke kai maƙwabta gaban mai unguwa ko alƙali shi ne a kafa tubalin a cikin filin wani. Cin iyaka laifi ne da kowane manomi ya san girmansa. A nan ne ainihin ƙorafin Falasɗinawa yake.

Akwai layin da duniya ta sani, wanda ake kira Koren Layi. An shata shi ne a yarjejeniyar tsagaita wuta ta 1949 tsakanin Isra'ila da Jordan, kuma shi ne ya raba su har zuwa yaƙin 1967 da Isra'ila ta mamaye Gaɓar Yamma da gabashin Ƙudus. Tsawonsa bai wuce kilomita 320 ba. Hanyar katangar ta ninka shi fiye da sau biyu, domin tana lanƙwasawa tana kutsawa. Kimanin kashi 85 cikin 100 nata a cikin Gaɓar Yamma take. Idan aka kammala ta yadda aka tsara, za ta yanke sama da kashi 9 cikin 100 na yankin, har da gabashin Ƙudus, ta mayar da shi ɓangaren Isra'ila.

Duk wanda ya ɗora taswirar katangar a kan taswirar matsugunan Yahudawa zai ga dalilin lanƙwasar. Ta zagaye Modi'in Illit da Alfei Menashe da Gibat Ze'eb, an kuma tsara ta rungumi Gush Etzion a kudu da Ma'ale Adumim a gabas, tare da wani dogon yatsa da zai kai Ariel, mai nisan kusan kilomita 20 a cikin yankin. A wasu wuraren filin da aka kewaye ya haɗa da inda ake shirin faɗaɗa matsugunin nan gaba, kamar yadda shari'ar ƙauyen Bil'in ta bayyana. Yau Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna sun haura 700,000 a Gaɓar Yamma da gabashin Ƙudus, kuma mafi yawansu suna bayan katangar ta ɓangaren Isra'ila.

Ta fuskar tsaro zalla ma wannan hanya tana da rauni. Layi mai tsawo ya fi gajere wuyar tsarewa, ya fi cin kuɗi da sojoji. Kuma ya bar dubban Falasɗinawa a ɓangaren da aka ce ana karewa daga gare su. Gwamnatocin Isra'ila sun sha faɗa a gaban kotu cewa shingen na wucin gadi ne, ba iyakar siyasa ba. Amma a ƙarshen 2005 ministar shari'a ta lokacin, Tzipi Livni, ta fito fili ta ce zai yi tasiri a kan iyakar da za a shata nan gaba, kuma a 2006 Ehud Olmert ya yi yaƙin neman zaɓe da shirin janyewa zuwa layin da ya yi kusa da hanyar katangar. Abin da aka kira na wucin gadi ya shekara sama da 20.

Manomi da ɗan kasuwa da ma'aikaci

A watan Oktoban 2003 rundunar sojin Isra'ila ta ayyana filin da ke tsakanin katangar da Koren Layi a arewa a matsayin yankin soja da aka rufe. Ma'anar wannan ita ce, Bafalasɗinen da aka haifa a can sai ya nemi takardar izini kafin ya ci gaba da zama a gidansa. Mutum kusan 11,000 ne ke rayuwa a haka. Wasu garuruwa da ƙauyuka kusan 150 kuma gidajensu na gefe guda, gonakinsu na ɗaya gefen.

Manomin da ke son zuwa gonarsa sai ya tabbatar wa hukumar soja cewa filin nasa ne. A ƙasar da gonaki da yawa ke ɗauke da sunan kakanni, kuma an raba su gado bayan gado, wannan kaɗai kan ci watanni. In ya samu takardar, ba lallai ɗansa ko ɗan ƙodagonsa ya samu ba. Sannan sai ya bi ta ƙofar da aka rubuta masa. Ƙofofin gonaki 'yan gommai ne, kuma mafi yawansu ba a buɗe su sai lokacin girbin zaitun, a watannin Oktoba da Nuwamba. Waɗanda ake buɗewa kullum na ɗan lokaci ne da safe da rana da yamma. Wanda gobara ta tashi a gonarsa da tsakar rana sai dai ya tsaya a bayan waya yana kallo.

Itacen zaitun na buƙatar sassabe da huɗa da taki a tsawon shekara. Binciken ofishin jinƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna amfanin itatuwan da ke bayan katangar ya gaza na takwarorinsu da kusan kashi 60 cikin 100. Manoma da yawa sun bar noman kayan lambu da lemo, masu buƙatar ban-ruwa kullum, duk da cewa yankin Ƙalƙiliya da Tulkarim na daga cikin mafi albarkar ƙasa da ruwan ƙarƙashin ƙasa a Gaɓar Yamma. Bayan 7 ga Oktoban 2023 aka rufe ƙofofin, girbin shekarar ya lalace a kan itatuwa a wurare da dama.

'Yan kasuwa ma sun ɗanɗana. Ƙalƙiliya gari ne da a da Isra'ilawa, Larabawa da Yahudawa, ke tururuwa zuwa sayayya da gyaran mota saboda rahusa. Katangar ta kewaye shi kusan ta kowane gefe, ta bar masa mashiga ta gabas, sai wata hanyar ƙarƙashin ƙasa da aka haƙa daga baya zuwa ƙauyen Habla. Shaguna da yawa suka rufe. Haka ya faru a Al-Ram da Abu Dis da Al-Izariyya, unguwannin da kasuwancinsu ya dogara da Ƙudus, inda katangar ta ratsa tsakiyar babban titi. Kayan da za su tsallaka sai an sauke su daga wata mota an duba an loda a wata, kuma kowane jinkiri kuɗi ne da mai saye zai biya a ƙarshe.

Kafin yaƙin Gaza, Falasɗinawan Gaɓar Yamma sama da 100,000 ne ke da izinin aiki a Isra'ila da matsugunanta. Sukan yi layi tun kafin asuba a mashigai irin su Ƙalandiya da ta Baitalami. An soke mafi yawan takardun bayan harin Hamas, a daidai lokacin da Isra'ila ke riƙe kuɗin harajin da take karɓa a madadin Hukumar Falasɗinawa, har ma'aikatan gwamnati suka koma karɓar wani kaso na albashinsu. Yau akwai magidanta da ke haura katangar mita takwas da tsani da igiya a Al-Ram domin neman abin da za su ciyar da iyali. Wasu sun karye, wasu an harbe su.

A Ƙudus lamarin ya ɗauki wani salo. Unguwar Kufur Aƙab da sansanin 'yan gudun hijira na Shu'afat suna cikin iyakar birnin da Isra'ila ta shata da kanta, mazaunansu na biyan harajin birni, amma an bar su a bayan katangar. Mutum sama da 100,000 ke zaune a waɗannan wurare, cikin dogayen benaye da aka gina babu tsari, da ƙarancin ruwa da kwasar shara da 'yan sanda. Mara lafiyar da aka tura asibitin Maƙasid ko Augusta Victoria daga Ramallah ko Nablus sai da izini. Mai son sallar Juma'a a Al-Aƙsa cikin Ramadan sai ya cika sharaɗin shekaru. Kiristocin Baitalami ma haka suke da Cocin Kabari Mai Tsarki, ga tazarar ba ta wuce kilomita 10 ba. Masu ziyarar ibada daga Najeriya da ke shiga Baitalami ta wannan katanga suke wucewa, kuma a jikinta ne Fafaroma Francis ya tsaya ya yi addu'a a watan Mayun 2014.

Hukuncin kotuna biyu

A ranar 9 ga Yulin 2004 Kotun Duniya da ke birnin Hague ta ba da ra'ayinta na shari'a, bisa buƙatar Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Alƙalai 14 suka ce gina katangar a cikin yankin da aka mamaye ya saɓa wa dokokin duniya. Alƙali ɗaya, Thomas Buergenthal na Amurka, ya ƙi, yana ganin kotun ba ta da isassun bayanai a kan barazanar da Isra'ila ke fuskanta. Kotun ta amince cewa Isra'ila na da haƙƙi, har ma da wajibi, na kare 'yan ƙasarta. Amma ba ta gamsu cewa wannan hanya ce kaɗai za ta biya buƙatar ba. Ta lura cewa hanyar ta rungumi kusan kashi 80 cikin 100 na 'yan kama-wuri-zauna, ta kuma yi gargaɗin cewa hakan na iya zama haɗiye ƙasa a aikace. Ta ce a dakatar da ginin, a rushe abin da aka gina a yankin, a biya diyya. Bayan kwana 11 Babban Zauren ya goyi bayan hukuncin da ƙuri'a 150, shida suka ƙi, 10 suka ƙaurace. Daga baya aka buɗe ofishin rajistar asarar da katangar ta jawo, inda dubban Falasɗinawa suka shigar da koke. Isra'ila ta yi watsi da hukuncin, ginin ya ci gaba.

Kwana tara kafin hukuncin Hague, Kotun Ƙolin Isra'ila ƙarƙashin Aharon Barak ta yanke nata a shari'ar ƙauyen Beit Surik. Ta ce soja na da ikon gina shinge a yankin saboda tsaro, amma dole cutarwar da za a yi wa mazauna ta yi daidai da amfanin da za a samu. Ta soke kusan kilomita 30 na hanyar da aka tsara a arewa maso yammacin Ƙudus. A 2007 ta umarci a sauya hanyar a Bil'in, ƙauyen da mazaunansa suka shekara suna zanga-zanga kowace Juma'a tare da wasu Isra'ilawa masu goyon bayansu. Sai a 2011 aka aiwatar, aka mayar musu da wani ɓangare na gonakinsu. Waɗannan shari'o'i sun rage wa wasu ƙauyuka raɗaɗi, amma sun kuma ba aikin gaba ɗayansa rigar halasci a cikin gida.

A ranar 19 ga Yulin 2024 Kotun Duniya ta ƙara gaba, ta ce ci gaba da zaman Isra'ila a yankunan Falasɗinawa da ta mamaye haramtacce ne, kuma dole ta kawo ƙarshensa. Ra'ayoyin biyu ba su da ɗan sandan da zai tilasta su, kuma Amurka na da ikon hawa kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu. Duk da haka su ne ma'aunin da ƙasashen duniya ke komawa gare shi idan aka zo maganar iyaka.

Darasin Gaza

A watan Disamban 2021 Isra'ila ta sanar da kammala sabon shinge a kewayen Gaza, mai tsawon kilomita 65, wanda ya ci dala sama da biliyan 1. Yana da katangar ƙarƙashin ƙasa domin toshe ramuka, da na'urorin hangen nesa, da bindigogin da ake sarrafawa daga nesa. Ba a cika shekara biyu ba mayaƙan Hamas suka makantar da na'urorin da ƙananan jirage marasa matuƙa, suka fasa shingen da bama-bamai da motar rusau a wurare da dama. An kashe mutum kusan 1,200, akasarinsu fararen hula, aka yi garkuwa da kimanin 250. Yaƙin da Isra'ila ta ƙaddamar bayan haka ya hallaka Falasɗinawa sama da 60,000 bisa ƙididdigar ma'aikatar lafiya ta Gaza, ya mayar da mafi yawan zirin kufai.

Shingen Gaza ya bi layin da aka sani, don haka ƙorafin cin iyaka bai shafe shi ba kamar na Gaɓar Yamma. Abin da ya fallasa shi ne haɗarin dogaro da gini. Sojoji mata masu sa ido a kan na'urorin sun yi ta kai rahoton atisayen da suke gani a tsallake, ba a saurare su ba. Shugabanni sun yarda cewa mutum miliyan biyu da aka killace za su zauna shiru muddin shingen na tsaye, don haka babu gaggawar neman mafita ta siyasa. Babbar illar katanga ke nan: tana ɓoye maƙwabci daga ido, har mai gida ya ɗauka matsalar ta gushe.

Abin da ya shafe mu

A watan Yunin 2025 Babban Hafsan Tsaron Najeriya na lokacin, Janar Christopher Musa, ya ba da shawarar a kewaye iyakokin ƙasar da shinge domin hana 'yan bindiga shigowa, yana misali da Pakistan da Saudiyya. Halin Najeriya daban yake, domin ba ta mamaye ƙasar kowa ba, kuma iyakokinta sanannu ne. Amma tambayoyin aiki iri ɗaya ne. Iyakarmu da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, kuma ta ratsa dangi da gonaki da burtali da kasuwanni, daga Illela da Ƙonni zuwa Jibiya da Maraɗi har Maigatari. 'Yan kasuwa ba su manta da abin da rufe iyakokin 2019 da na 2023 suka yi wa farashi da jari ba. Kafin a zuba kuɗi a siminti da waya, ya kamata a san ƙofa nawa za a bari, wa zai riƙe makullinsu, da yadda za a hana su zama wurin karɓar na goro.

Ina aka dosa?

Masu mulkin Isra'ila na yanzu ba sa ma ɗaukar katangar a matsayin iyaka. Ministan kuɗi Bezalel Smotrich da abokan tafiyarsa na neman a haɗe Gaɓar Yamma ne, kuma ana kafa sababbin matsugunai can cikin yankin, nesa da bayan katangar. Idan aka gina E1 aka haɗa Ma'ale Adumim da Ƙudus, za a datse tsakanin Ramallah da Baitalami, a kuma raba gabashin Ƙudus da sauran yankin da Falasɗinawa ke fatan ya zama ƙasarsu. Ƙasashen da suka amince da Falasɗinu a bara-bayan nan za su tarar da cewa abin da suka amince da shi a takarda yana ƙanƙancewa a ƙasa.

Isra'ila na da haƙƙin hana a kashe 'yan ƙasarta, kuma babu dokar da ta hana ta gina duk abin da take so a kan Koren Layi ko a bayansa. Da can aka kafa tubalin, da Kotun Duniya ba ta da abin cewa, da manomin Ƙalƙiliya bai nemi izinin zuwa gonar ubansa ba. Zaɓen da aka yi na haɗa tsaron rai da kare matsugunai shi ya mayar da matakin tsaro ya zama sabon tushen gaba. Muddin ba a zauna an shata iyakar da ɓangarorin biyu suka yarda da ita ba, za a ci gaba da ƙara wa katangar tsayi, Falasɗinawa kuma za su ci gaba da neman tsanin da ya fi ta.